Ku Tambaya Mu Amsa: Charles Gayle, Mabushin Saksofon da Ya Fito daga Titi

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni na saba da busar Yusef Lateef, wanda manya a nan Samaru ke ba da labarin zamansa a Jami'ar Ahmadu Bello. Kwanan nan wani abokina ya kunna mini wani wai shi Charles Gayle, na ji kamar ana yanka akuya. Wane ne shi? Kuma tsakani da Allah, ya iya busa kuwa? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ya iya, har ya fi ƙarfin a ce ya iya. Kunnenka ne ya saba da wani tsari, shi kuma ya ajiye tsarin da gangan.

Lateef, wanda ya zauna Zariya daga 1981 zuwa 1985, a kan turbar jaz ta asali ya tashi. A can akwai zagaye da kowa ke bi, yawanci mai gaɓa 12 ko 32. Mai busa zai ƙirƙiri abin da ya ga dama a nan take, amma dole ya riƙa dawowa daidai inda zagayen ya dawo, kamar mai amshi da ya san inda zabiya za ta sauke. Daga ƙarshen shekarun 1950 wasu baƙaƙen fatar Amurka suka ce su wannan zagayen ya zame musu dabaibayi. Faifan Ornette Coleman mai suna Free Jazz, wanda ya fito a 1961, shi ya bai wa salon suna, wato jaz mara linzami. John Coltrane a ƙarshen rayuwarsa da Albert Ayler suka ƙara nisa da shi, har gurnani da ƙara da kuka suka zama kayan aiki. Gadonsu ne Gayle ya ci.

An haife shi a birnin Buffalo na jihar Niyok a 1939, kuma da fiyano ya fara tun yana yaro. Farkon shekarun 1970 ya koma birnin Niyok, lokacin da kasuwar wannan salo ta faɗi warwas. Ya yi tsakanin shekara 15 zuwa 20 ba shi da muhalli, yana busa a bakin titi da tashoshin jirgin ƙarƙashin ƙasa, abin da masu wucewa suka jefa masa shi ne abincinsa. Wani Bajamushe makaɗin babban gogen da ake kira bas, Peter Kowald, na cikin waɗanda suka fara jawo hankalin Turai kansa, kuma ya fito a fim ɗin Rising Tones Cross na 1985 da aka yi a kan makaɗan wannan salo. Duk da haka sai a 1988 faifai mai sunansa ya fito, yana da shekara 49. Ya rasu a watan Satumba na 2023 yana da 84.

Shekarun titin nan suna cikin sautinsa. Mai busa a tashar jirgi ba shi da lasifika, ga rugugin ƙarfe, ga sanyin Niyok da ke daskarar da yatsu, sannan ba wanda zai ce masa minti biyar ɗinka sun cika. Ƙarfin huhu da jurewar busa ta awa guda ba hutu, a nan ya ƙera su.

Tambaya: Faya-fayansa suna da yawa a intanet, na rasa ta ina zan kama. Wanne zan fara ji? Daga wani mai karatu a Damagaram.

Amsa: Fara da Touchin' on Trane. An ɗauke shi a Berlin ranar 31 ga Oktoba da 1 ga Nuwamba 1991, kamfanin FMP na Jamus ya fitar da shi a 1993. Mutum uku ne kawai: Gayle, da William Parker a kan bas, wato babban gogen nan da ake tsayarwa a ƙasa ana kaɗa tsirkiyarsa da yatsu, sai Rashied Ali a kan ganguna. Ali shi ne makaɗin Coltrane, wanda ake wa laƙabi da Trane, a shekarunsa biyu na ƙarshe, saboda haka sunan faifan ba cika baki ba ne. Kashi biyar ne, daga A zuwa E. Na huɗu ya doshi rabin awa, ka bar shi sai daga baya.

Ga yadda za ka yi. Kada ka ji shi da lasifikar waya, domin tana haɗiye muryar bas, kuma in bas ya ɓace abin da ya rage ihu ne tsagwaronsa. Sa abin kunne, ka kunna kashi na farko. A ji na farko ka manta da saksofon, ka bi faifan ƙarfen da Ali ke kaɗawa da sanda, za ka tarar akwai taki a ciki, ko da yake yana miƙewa yana tsukewa. A ji na biyu ka bi Parker. Sai a na uku ka koma kan Gayle, ka lura da yadda yake ɗauko 'yar gajeriyar jimla mai sauti uku ko huɗu, ya juya ta, ya hau da ita sama, ya yayyaga ta, sannan ya dawo ya ɗauke ta inda ya bari. Wanda ke ihu kawai ba ya iya dawowa. Minti 15 a zama ɗaya ya isa.

Daga nan ka koma baya zuwa 1988. Kamfanin Silkheart na ƙasar Suwidin ya ɗauki faifai uku cikin mako guda: Homeless da Spirits Before, tare da Sirone a bas da Dave Pleasant a ganga, sai Always Born, inda John Tchicai ya zama mabushi na biyu. A ganinmu Homeless ya fi sauran biyun, Always Born kuma ya fi sanyi, kamar Gayle na jin nauyin baƙo. Repent, wato ku tuba, na 1992, wanda aka ɗauka a gidan kiɗa na Knitting Factory inda ya riƙa busa a kai a kai, shi ne mai zafin duka: kiɗa biyu kacal, ɗaya ya kai kimanin minti 50. Mutane da yawa da shi aka fara haɗa su, shi ya sa suka gudu ba su waiwayo ba, kuma muna zargin shi aka kunna wa mai tambayarmu na Zariya.

In kuwa kana son hujjar da za ka kashe bakin masu cewa bai san ƙa'ida ba, nemi Time Zones na 2006. Fiyano ne shi kaɗai, ba busa ko ɗaya, kuma tsohuwar jaz na nan a yatsunsa.

Tambaya: Ina busa babban saksofon, wato teno, a ƙungiyar badujala shekara huɗu ke nan. Na gwada fitar da irin ƙarar nan tasa ta can sama, sai leɓena ya fashe, sautin kuma bai fito ba. Me nake yi ba daidai ba? Daga wani mabushi a Kaduna.

Amsa: Cizo kake yi, Malam, kuma kusan kowa da shi yake farawa. Teno yana da iyaka a yatsu, daga Bb ta ƙasa zuwa F ko F# ta sama (haruffan nan sunayen sautuka ne), kimanin hawa biyu da rabi. Abin da ya wuce nan ba matsi ke kawo shi ba, harshe da maƙogwaro ne.

Ka rufe duk yatsu kamar za ka busa Bb ta ƙasa, kada ka taɓa maɓallin babban yatsa mai hawar da sauti. Busa ta ta zauna. Sannan, ba tare da ka motsa yatsa ko ɗaya ba, ka ɗaga bayan harshenka kamar kana sauyawa daga faɗin "aa" zuwa "ii". Bb ta tsakiya za ta fito. Ci gaba da ɗagawa, F za ta biyo, sai wata Bb, sai D. Matakala ce da ke cikin bututun tun asali. Yi minti 10 zuwa 15 kullum, kafin komai. Mataki biyu na farko kan zo cikin 'yan makonni, na uku da na huɗu kan ci watanni, kuma sai sun zauna ne yatsun da ake koyarwa na sautin sama za su yi maka aiki. Alamar cizo ita ce sautin ya fito siriri kamar kukan sauro, haƙora kuma su bar shaida a cikin leɓen ƙasa. Da ka ga haka ka ajiye, ka huta kwana biyu.

Gurnanin kuma daban yake. Kana busa ne kana guna a maƙogwaro lokaci guda, kuma gunar ta saɓa da sautin da kake busawa, in sun zo ɗaya ba abin da zai fashe. A hankali ake yi, wanda ya ƙwaƙule maƙogwaro zai tashi da dishewar murya. Fitar sauti biyu ko uku a tare kuwa, rufe yatsu kamar C ta ƙasa, ka ɗaga yatsa ɗaya a tsakiya, ka ɗan saki leɓe. Yatsan da zai yi aiki ya danganta da saksofon ɗinka, sai ka gwada ɗaya bayan ɗaya ka rubuta wanda ya ba ka.

Sai batun rid, ɗan siririn karan nan da ake ɗaurewa a bakin busa. Labarin cewa Albert Ayler na amfani da na roba mai lamba 4 ya sa yara da yawa sayen mai tauri, suna zaton a nan sirrin yake. A shekara huɗu lamba 2.5 ko 3 ta ishe ka. Ƙa'idar ita ce, in ratar bakin busarka na da faɗi, rid mai laushi yake so. Ka haɗa baki mai faɗi da rid mai tauri, to ka gayyato cizo da kanka. Ka riƙa juya guda uku ko huɗu, ka jiƙa kowanne minti biyu zuwa uku kafin ka ɗaura. Da hunturu kara na bushewa ya lanƙwashe, ya daina kwanciya daidai, iska ta riƙa zurarewa ta gefe. Ɗora shi a kan gilashi ka danna gefe da gefe, in yana rawa ya tashi aiki. Ajiye su a roba mai murfi da ɗan soso mai danshi, amma ka riƙa buɗewa, in ba haka ba su yi fumfuna.

Kafin ka zargi bakinka, duba fatun da ke ƙarƙashin murafan. In Bb ta ƙasa ba ta fita sai da ƙyar, to wata fata na yoyo, kuma duk atisayen nan ba zai yiwu ba. Shiga ɗaki mai duhu, zura ƙaramar fitila cikin bututun, rufe murafan da matsi na yau da kullum. Inda haske ya leƙo, nan ne aikin mai gyara. Sanyi kuma na saukar da sautin saksofon, zafi na hawar da shi, saboda haka da asubar hunturu ka ɗan tura bakin busa ciki, da rana ka jawo shi.

Kada ka kwaikwayi mai algaita a nan. Shi karansa biyu ne, yana zura su gaba ɗaya cikin baki, ya kumbura kumatu. Naka ɗaya ne, leɓenka na kansa, kuma kumatu in sun kumbura harshe ya rasa iko da iskar.

Tambaya: Na ga hotonsa da jan hanci da fenti a fuska da yagaggen kwat. Taɓin hankali ya samu? Daga wata mai karatu a Zangon Kumasi.

Amsa: A'a, Malama, shiga ce ta wasa. Daga shekarun 1990 ya ƙirƙiri wani ɗan kama da ya raɗa wa suna Streets, wato tituna, yana hawa dandali da wannan kama, wani lokaci ya ajiye busa ya yi wasan kurame. Faifansa na 2012 ma sunan da ya ci ke nan. Kirista ne mai tsananin riƙo, sunayen faya-fayansa da yawa daga Littafi Mai Tsarki ya ɗebo su, kuma akwai lokacin da yakan tsayar da kiɗa ya yi wa'azi, har da sukar zubar da ciki. Masu sauraron irin wannan kiɗa a Niyok da Turai ba su saba jin haka ba, wasu kan tashi su fice. Daga baya ya rage maganar. A 2014 bikin kiɗa na Vision a birnin Niyok, wanda William Parker ke cikin jigoginsa, ya karrama shi da lambar yabo ta aikin tsawon rayuwa.