Ga ƙanenmu mai tambaya kan tayar tirela: 'yar Caina ko mai tsada?

Wa'alaikumus salam. Na ga tambayarka tun jiya ina layin mina, wato tashar jiragen ruwa, a Jidda, sai yanzu na samu zama. Ka ce an damƙa maka Marsandi Actros da tirela mai ƙafa uku, aikinka Jidda zuwa Riyad, tayoyi sun suɗe kuma kafili, wato maigidanka, ya ce kai za ka zaɓo, shin ka zuba 'yan Caina gaba ɗaya tunda sun fi araha ko ka daure ka sayi masu tsada. Na ga wasu sun amsa maka da kalma ɗaya, wannan ya ce Michelin wancan ya ce Triangle, toh ni dai bari in ɗan ja zancen, ka yi haƙuri da tsawonsa, shekarata goma sha ɗaya a kan wannan hanyar.

Kuɗin taya ba a bakin shago ake gane shi ba ƙanena, sai ranar da aka cire ta. Ni ina da ɗan littafi a aljihun ƙofa, duk tayar da na ɗaura sai na rubuta ranar, da kilomitar da mota ke kai, da kuɗin fatura, wato rasit, da ƙafar da aka sa ta. Abokai har dariya suke min wai na zama akawu. Bari in ba ka misali da lambobi masu sauƙin lissafi irin abin da nake gani a littafin. Mu ce taya ta riyal 800 ta ba ka kilomita 80,000, kenan duk kilomita dubu ka biya riyal 10. Wata ta riyal 1,700 ta ba ka 200,000, duk kilomita dubu riyal 8 da rabi. Ka ga mai tsadar ita ce mai arahar. Jidda zuwa Riyad wajen kilomita 950 ne, zuwa da dawowa 1,900, in kana yin sawu takwas a wata ka haura 15,000. Ta farkon wata biyar da 'yan kwanaki ta gama, ta biyun sai ta zagaye shekara. Kuma ban sa kuɗin mai banshar, wato mai faci, na cirewa da ɗaurawa ba, ban sa yinin da mota za ta yi a sana'iyya, unguwar garejoji, ba ta aiki ba. In kuma ka samu 'yar Caina ta riyal 800 da ta kai 120,000, lissafi ya juye, ita ta ci. Shi ya sa nake cewa ka rubuta, kar ka dogara da labarin majalisa.

Motarka in kai mai ƙafa biyu ne, taya goma sha biyu gare ka: biyu a gaba, huɗu a ƙafar da ke ja, shida manya a tirela. Ba aikinsu ɗaya ba, don haka ba dole kuɗinsu ya zama ɗaya ba.

Na gaba biyun nan ni ba na ciniki da raina a kansu. Michelin ko Bridgestone ko Continental ko Goodyear, duk wadda na samu sabuwa a wajen wakili da fatura da damani, wato garanti, ita nake sawa, in aljihu ya yi nauyi kaɗan in sauko Hankook ta Koriya. Tayar baya in ta fashe kana da 'yan'uwanta su riƙe ka har ka gangara gefe, ta gaba in ta fashe da lodi sitiyari ƙwace maka yake yi, duk wanda ya taɓa ganin tirela kwance a gefen titi bayan Muwaih ya san abin da nake nufi. Allah Ya tsare mu. Kuma kar ka bari a sa maka mai faci a gefe ko wadda aka sake wa zane a gaba, ko da kyauta ce.

Huɗun tsakiya nan ne ake muhawara. Suna son mai zane manya manya mai kama ƙasa, kuma nan ne na fi ganin bambancin daɗewa tsakanin mai tsada da mai araha, saboda duk ƙarfin inji ta kansu yake bi. In kafili zai iya, a sa masu kyau. In ba zai iya ba a nemi matsakaita, akwai na Indiya irin Apollo da CEAT, akwai manyan Caina. Sharaɗi ɗaya dai, biyun da ke manne da juna su zama iri ɗaya tsayi ɗaya. Ka haɗa sabuwa da rabin suɗaɗɗiya, sabuwar ce za ta ɗauke lodin duka ta yi ta zafi, gajeriyar kuma tana jan ƙasa tana gogewa, ka yi asarar biyu a lokaci guda.

Na tirela kuwa, 385/65R22.5, ni 'yan Caina nake sawa kuma ban ji kunya ba. Dalili, tayar tirela mai ƙafa uku ba tsufa ke kashe ta ba yawanci, murɗa ce. Ka tsaya ka kalli tirela tana kwana a cikin sito mai matsi, za ka ga ƙafar ƙarshe ana jan ta a kaikaice tana barin baƙin shaida a kan siminti, ga gefen dakali, ga ƙusa da guntun ƙarfe a filin kwantena. Tayar da ƙusa za ta kashe a wata na huɗu, mene ne amfanin ka biya mata kuɗin shekara?

Amma fa Caina suna ta tara. Mutanenmu sai su ce "'yar Caina" kamar kamfani ɗaya ne. Akwai manyan kamfanoni da suka daɗe, Triangle, Double Coin, Linglong, Aeolus, Sailun, da masu yin Westlake da Chaoyang, wasu ma suna da masana'anta a Tailan ko Biyetnam, shi ya sa za ka ga suna na Caina amma a jiki an rubuta wata ƙasar. Sannan akwai sunayen da za ka gani bana, baɗi ka neme su ka rasa, ba wakili ba damani. Waɗannan na biyun su suka ɓata wa sauran suna, kuma ɗaya daga cikinsu ce ta koya min hankali.

Shekarun baya ne, watan Yuli. Wani mai shago ya kira ni gefe ya ce akwai wasu guda biyu zai sakar min ƙasa da kowa, har da leda a jikinsu suna sheƙi. Na ga rarar wajen riyal ɗari uku, na ce a ɗaura a tirela. Sawu na uku, na wuce Zalim da kaɗan wajen ƙarfe biyu na rana, iskar da ke shigowa ta taga kamar an buɗe murhu, sai na ji dam! A madubi na hango baƙaƙen tsummoki suna tashi. Da na tsaya na zagaya, bayan tayar ya saɓule gaba ɗaya kamar ɓawon rogo, waya ta yi cirko cirko, ta daki madgad ta lanƙwasa shi, ta fasa fitilar baya ta tsinke robar iskar birki. Safaya akwai, amma robar iska fa? Na zauna a inuwar ƙarƙashin tirela da gorar ruwa da ta koma shayi, sai bayan la'asar mai banshar na tafi da gidanka ya iso, ya kuma yanka min kuɗin da ya ga dama don ya san ba ni da zaɓi. Shi ne ya goge gefen tayar da babban yatsa ya nuna min lambobi huɗu ya ce kai ba ka karanta wannan ba? Taya ta shekara huɗu a ajiye kafin a sayar min. Na kuma rasa lokacin sauke kaya a Riyad, na kwana a waje ina jiran a buɗe wa manyan motoci shiga gari. Rarar ɗari ukun nan ta ci min fiye da dubu.

Don haka ka koyi karatun gefen taya, ba wuya. A ƙarshen layin da ya fara da DOT akwai lamba huɗu, biyun farko sati, biyun ƙarshe shekara, 2324 na nufin sati na 23 a 2024. Roba tana bushewa ko ba a hau ta ba, balle a sito mai rufin kwano a zafin nan. Sai lambar lodi, a 315/80R22.5 za ka yawaita ganin 156/150, wato kilo 4,000 in ita kaɗai ce, kilo 3,350 kowace in an haɗa biyu. Ta tirela mai 160 tana ɗaukar kilo 4,500. Harafin da ke biye na gudu ne, K 110, L 120, M 130. Wani cikin masu amsa maka ya ce ka duba "Temperature A", wannan a tayar ƙananan motoci ake rubuta shi, kar ka wahalar da kanka nemansa a ta tirela. Masu tifa da ke biye da mu, ku da kuke shiga kassara, wato wurin fasa dutse, da taya 12.00R24, lissafinku daban ne, dutse ba ya tambayar sunan kamfani kafin ya yanka gefe, ku nemi mai kaurin jiki da zanen da aka yi don burji, matsakaicin kuɗi ya ishe ku.

Musta'amal kuwa, wato gwanjo, ka rufe ido ka wuce. Hukuma ma kama masu sayar da ita take yi, kuma ba ka san wahalar da ta sha a hannun mai ita na farko ba.

Abin da ya fi ba ni haushi, mutum zai biya kuɗin Michelin sannan ya kashe ta da hannunsa ya dawo yana cewa an cuce shi. A ƙasar nan zafi ne mai kashe taya, kuma babu abin da ke haifar da zafi kamar ƙarancin iska. Taya in iskarta ta gaza, gefenta lanƙwasa yake ta yi duk juyi, ta gasa kanta daga ciki har roba ta rabu da waya. Irin namu yawanci tsakanin PSI 120 ne zuwa 130 a geji, gwargwadon lodi da abin da aka rubuta a jikinta, kuma da asuba ake aunawa tana sanyi. In ka auna da rana a mahaɗɗa, wato gidan mai, ka ga ta hau, haka take, kar ka sace mata iska, in ka rage da safe za ka tarar ta yi ƙasa. Na san dattawanmu da ƙarfe suke bugawa su saurari ƙara, ni ma ina yi duk tsayawa, amma bugu yana gaya maka wadda ta sace ne kawai, ba ya gaya maka wadda ta rage 15. Ka sayi geji naka na kanka, kuɗinsa bai kai na farantin shinkafar mandi biyu ba, kuma ka riƙa kai hannu ga ta ciki, ita ce marainiya, kowa ta waje yake dubawa.

Sai gudu da oba lodi. Manyan motoci 80 aka yanka mana a babbar hanya, ka riƙe ta a nan ko ba don Sahir, kyamarar kama masu gudu, ba, tayar da ake tafiya da ita 80 da wadda ake kora 105 da tsakar rana ba za su yi kwana ɗaya ba. Lodi kuma ko ka tsallake mizani taya ba ta tsallake ba. Wajen dawowa, gangaren Sail daga Ɗa'if, tunda ba a barin mu bi ta Hada, ka sauko da giya da birkin inji, in ka kwanta a kan birkin ƙafa zafin yana bi ta wili ya dafa bakin tayar, ka tsaya ƙasa ka ji wari kamar ana ƙona roba.

Kafin a ɗaura sababbin gaba ka sa a duba alaimen da bushi, in ka shafa tsohuwar ka ji gefe ɗaya ya cinye ko zanen ya yi kaifi kamar haƙorin zarto, laifin mota ne, sabuwar ma haka za ta bi. Kuma bayan an ɗaura ka yi tafiyar kilomita 50 zuwa 100 ka tsaya a sake ɗaure notuna.

Wani abu da da ba ma kulawa da shi, shan mai. Lokacin da litar dizal take halala 75, ƙasa da riyal ɗaya, wa ya damu? A farkon 2024 ta koma riyal 1.15, farkon 2025 ta koma 1.66, yanzu taya mai sauƙin gungura tana rage wani abu a wata, in kafilinka mai lissafi ne ka nuna masa takardar nan mai launi da ke manne a jikin sabuwar taya, tana nuna matakin tattalin mai. Wajen tambayar farashi kuma ka ce a gaya maka har da dariba, wato harajin VAT, kashi 15 ne, da ɗaurawa, don wasu sai ka gama murna su ɗora a fatura.

In ni ne a kujerarka, zan je wa kafili da takarda a rubuce: biyu masu tsada a gaba ba ja, huɗu matsakaita ko masu kyau a tsakiya, shida na sanannen kamfanin Caina a tirela, duk 'yan bana ko ƙarshen bara. In ya ce kuɗi ba za su kai sha biyu a tashi ɗaya ba, a fara da gaba, tsofaffin gaban in da sauran zane kuma lafiyarsu ƙalau a ajiye ɗaya safaya ta kai. Ka ɗauko hoton gefen tayoyin da ke kan motar yanzu, wajen lambobin, da hoton zanen na gaba, ka turo nan mu gani. Jibi in Allah Ya kai mu ina sana'iyya zan canza biyu a tirelata, in kana Jidda sai mu shiga shagunan tare.