Shin duba-gari yana da ikon shiga gidana ba tare da izinina ba?

Tambaya: Wata ranar Talata ina kasuwa, mutum uku suka je gidana, suka ce su duba-gari ne daga ƙaramar hukuma. Matata ta ce musu daga bayan labulen zaure cewa maigida ba ya nan, amma suka ce doka ta ba su dama, suka shige har tsakar gida, suka leƙa masai da makwarara da ɗakin da muke gasa burodin sayarwa, sannan suka bar takarda. Suna da wannan ikon kuwa?

Amsa: Suna da ikon dubawa, amma ikon yana da iyaka, kuma bisa yadda ka bayyana, ina ganin sun tsallake ta a tsakar gidanka. Sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulkin Najeriya na 1999 ya ba gidan kowane ɗan ƙasa kariya daga kutse, sai dai sashe na 45 ya yarda a yi dokar da za ta taƙaita wannan haƙƙi saboda tsaro, ko zaman lafiya, ko lafiyar jama'a, muddin dokar ta dace da hankali a ƙasar da ke bin dimokuraɗiyya. Ma'anar haka ita ce katin shaidar aiki ko kakin da mutum ya sa ba su ne ke buɗe masa ƙofa ba, dole ne ya iya faɗin dokar da ta aiko shi da kuma abin da ya zo dubawa.

Ikon duba-gari ya samo asali ne daga dokokin lafiyar jama'a na jihohi, waɗanda tushensu ke komawa ga dokar da Turawan mulkin mallaka suka kafa a 1917. Waɗannan dokoki suna ba jami'in lafiya damar shiga wuri da rana domin ya ga ko akwai abin da ke cutar da maƙwabta, kamar masan da ya cika yana tsiyaya, ko ruwan kwata da ya kwanta yana tara sauro. Abin da mutane da yawa ba su sani ba, har da wasu daga cikin ma'aikatan, shi ne abin da ke biyo baya idan aka hana su shiga. Hanyar da aka tanada ita ce jami'in ya koma gaban alƙalin majistare ya nemi umarnin kotu, ya dawo da shi a rubuce. Ture ƙofa ko ɗaga labule da ƙarfin hali ba ya cikin aikinsa, sai fa a halin gaggawa na gaske, irin gobara ko ginin da ya rufta da mutane a ciki, inda jira zai iya jawo asarar rai.

Batun matarka yana da nauyi a wurina. Hatta ɗan sandan da ya biyo mai laifi, Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta 2015 ta umarce shi, idan wanda yake nema ya faɗa gidan da macen da ba ta fita bainar jama'a take ciki, ya fara sanar da ita, ya ba ta damar kaucewa kafin ya shiga. Wannan tanadi bai ambaci duba-gari ba, amma idan an ɗora wa mai farautar ɓarawo wannan ladabi, da wuya a ce wanda ya zo leƙa makwarara ya fi ƙarfinsa. Da sun bar saƙo cewa za su dawo gobe da hantsi, ko sun zo da ma'aikaciya mace, ko sun nemi mai unguwa ya raka su, da aikinsu ya tafi daidai ba tare da an keta rubutun "ba a shiga" da ke bangon zaure ba.

Ɗakin burodin kuwa hukuncinsa daban ne, kuma a nan hujjarka ta yi rauni. Jadawali na huɗu na Kundin Tsarin Mulki ya sa kula da gidajen burodi da gidajen abinci da shaguna a hannun ƙananan hukumomi. Duk wanda ke dafa abin da jama'a za su saya su ci ya buɗe wa masu duba tsafta ƙofar wannan wuri a lokacin aiki, ko da a cikin gidansa yake. Shawarata ita ce ka fitar wa ɗakin ƙofarsa ta waje, don kada hanyar zuwa tanda ta riƙa ratsawa ta gaban ɗakunan iyali.

Akwai wani ikon shiga da ya kamata ka sani, tunda yakan zo da wasu ma'aikatan. Sashe na 11 na Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ya ba gwamna, ko jami'in da ya wakilta, damar shiga ya duba fili da gine-ginen da ke kansa, idan filin yana ƙarƙashin haƙƙin mallakar da gwamna ke bayarwa, amma da rana kuma a lokacin da ya dace. Jami'an tsara birane ma suna duba gini bisa dokar jiharsu, domin a 2003 Kotun Ƙoli ta yanke cewa tsara birane hurumin jihohi ne. Dubawa kawai wannan ikon ya ƙunsa, rusau yana da nasa matakan na sanarwa a rubuce.

Yanzu ka karanta takardar da suka bari da kyau, ka duba sunan ofishi da sa hannu da kwanan wata da wa'adin da aka ba ka. Idan gyara ta nema, ka yi shi cikin wa'adin, domin kuskurensu wajen shiga ba zai wanke masan da ya cika a gaban kotu ba. Kada ka ba kowa kuɗin tara a hannu ba tare da rasit na hukuma ba, kuma idan sun dawo kada ka yi musu zagi ko duka, saboda hana ma'aikacin gwamnati aikinsa na halal laifi ne. Ka rubuta ƙorafi ga shugaban sashen lafiya na ƙaramar hukumar, ka riƙe kwafi mai hatimin karɓa. Idan kana son diyya, sashe na 46 na Kundin Tsarin Mulki ya ba ka damar zuwa babbar kotu a kan tauye haƙƙi, sai dai ka ga lauya da wuri.