Farin shafin da ke buɗewa a Word ba tare da an kira shi ba

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Duk lokacin da na danna wani aikina na Word sau biyu, sai ya buɗe tare da wani farin shafi mai suna Document1 wanda ban nema ba, kullum sai na rufe shi. Wani lokaci ma ina kunna kwamfutar sai in tarar da shi yana jirana. Na cire Office gaba ɗaya na sake sakawa, amma abin yana nan. Ƙwayar cuta ce ta shiga kwamfutar?

Amsa: Wa alaikumus salam. Da wuya ƙwayar cuta ce, ko da yake zan dawo kanta. Kafin komai, dubi sunan da ke can saman tagar. Idan Document1 aka rubuta, aikinka lafiya lau yake, sabon shafi ne kawai Word ya ƙara maka. Amma in sunan fayil ɗinka ne a sama kuma shafin fari fat, wannan wata matsala ce daban kuma ta fi tsanani: kada ka adana komai a kansa, rufe shi ka duba girmansa tukuna, domin fayil mai 0 KB babu abin da ya rage a cikinsa.

Cire Office da ka yi bai yi amfani ba saboda abubuwan da suka fi haddasa wannan matsala ba a cikin manhajar suke zaune ba. Suna cikin babban fayil na bayananka na mai amfani, wanda cirewa ba ta taɓawa. Ka yi wanka ne ka mayar da riga mai datti.

Ka haɗa matsaloli biyu a tambayarka, kuma lokacin da shafin ke fitowa shi ne ke raba su. Ta kunna kwamfuta ita ce mai sauƙi. Tun daga sabuntawar Windows 10 ta ƙarshen 2017, kwamfuta na iya sake buɗe manhajojin da aka bari a buɗe lokacin da aka kashe ta, sai Word ya tashi ba shi da aikin da zai nuna, ya miƙo maka Document1. Shiga Settings, sai Accounts, sai Sign-in options, ka kashe zaɓin da ke maganar sake tayar da manhajoji bayan ka shiga. Daga nan danna maɓallin Windows tare da R, rubuta shell:startup, in ka ga gajeriyar hanyar Word a ciki ka goge ta.

Ta biyun, wato shafin da ke rako fayil ɗinka, ita ce mai buƙatar haƙuri. A ƙa'ida, idan ka buɗe Word shi kaɗai, zai nuna maka shafin zaɓi ko ya ba ka farin shafi, wannan ba laifi ba ne. Idan kuwa ta hanyar fayil ka tashe shi, fayil ɗin kaɗai ya kamata ya fito. Fitowar na biyu na nufin akwai wani abu da ke lodawa tare da Word yana ba shi umarnin ƙirƙirar sabon shafi.

Ga gwajin da zai nuna maka ko haka ne. Rufe Word, danna Windows da R, rubuta winword /safe, ka danna Enter. Ko kuma ka riƙe Ctrl yayin da kake buɗe shi, zai tambaye ka, ka amsa da e. A wannan yanayi Word na tashi tsirara, ba tare da ƙananan manhajojin da wasu suka liƙa masa ba. Rufe farin shafin da ya fara ba ka, sannan ka buɗe aikinka. In ya fito shi kaɗai, to ka kama hanyar ɓarawon.

Waɗannan maƙale-maƙalen suna shigowa ne ba sallama. Ka saka manhajar mayar da rubutu PDF, ko ta gyaran nahawu, ko ta jera manazarta, ko ta na'urar sikana, sai kowacce ta dasa ɗan reshenta a cikin Word. Buɗe Word yadda ka saba, ka bi File, Options, Add-ins. A ƙasa inda aka rubuta Manage, zaɓi COM Add-ins ka danna Go, ka cire alamar da ke gaban kowanne. Sake buɗe Word ka gwada. In shafin ya daina zuwa, riƙa mayar da alamar ɗaya bayan ɗaya, kana rufewa kana buɗewa, har ya dawo. Na ƙarshen da ka mayar shi ne mai laifi. Aikin yana da gundura, amma kada ka mayar da biyu lokaci guda don sauri, za ka rasa wanne ne. Akwai kuma wani wuri da mutane ke mantawa da shi: rubuta %appdata%\Microsoft\Word\STARTUP a akwatin nan na Windows da R. Duk abin da ke ciki Word na loda shi a kowace tashi, sai ka kwashe su zuwa wani wuri ka sake gwadawa.

Idan duk wannan bai yi ba, saura Normal.dotm, kuma ni a nan na fi zargi tunda ka ce sake sakawa bai canza komai ba. Wannan fayil shi ne tushen da Word ke yanko kowane sabon shafi daga gare shi, yana riƙe da nau'in rubutu, girmansa, faɗin gefe, da ƙananan umarnin da ake kira makiro. Makiro mai suna AutoExec na aiki da kansa duk lokacin da Word ya tashi, AutoOpen kuma duk lokacin da aka buɗe fayil. Layi ɗaya a ciki, Documents.Add, ya isa ya haifar maka da abin da kake gani. Danna Alt da F8 za ka ga jerin makiro ɗin da kake da su. A nan ne zargin ƙwayar cuta ke da ɗan tushe, domin ƙwayoyin cutar nan, Concept ta 1995 da Melissa ta 1999, duk a wannan tushen suka riƙa ɓuya, lokacin yana Normal.dot kafin Word 2007 ya sauya masa suna. Don haka in ka ga makiro da ba kai ka rubuta ba, kuma ba ka san wanda ya saka shi ba, ka bi kwamfutar da manhajar kariya.

Gyaransa ba wuya. Rufe Word sarai, ka leƙa Task Manager, wato tagar da ke nuna manhajojin da ke aiki, ka tabbata bai maƙale a bayan fage ba. Shiga %appdata%\Microsoft\Templates, ka sauya wa Normal.dotm suna zuwa Normal.old. Da ka sake buɗe Word zai koma saitinsa na asali ya ƙirƙiri sabo. Sauya suna na ce, ban ce gogewa ba, domin salon rubutun da ka tsara da gajerun maɓallan da ka saita duk a tsohon suke, kuma in ya zamana ba shi ne mai laifi ba sai ka mayar masa da sunansa.

In kuwa shafin ya biyo ka har cikin winword /safe, to matsalar tana tsakanin Windows da Word ne, wato yadda Windows ke miƙa masa fayil. Hakan kan faru idan an taɓa saka Office iri biyu a kwamfuta ɗaya. Shiga Control Panel, Programs and Features, zaɓi Office, danna Change, ka fara da Quick Repair. Ba ya buƙatar intanet kuma ba ya daɗewa. Sai in bai yi ba ka koma Online Repair, wanda ke sauko da manhajar gaba ɗaya, saboda haka ka tanadi isasshiyar data.

Abu na ƙarshe da zan so ka lura da shi: idan shafin na faɗo maka ne a tsakiyar rubutu, ba lokacin buɗewa ba, to hannunka ne ko allon maɓallanka. Ctrl da N na buɗe sabon shafi, kuma N na maƙwabtaka da B da ake kaurara rubutu da shi. Maɓallin Ctrl da ya maƙale ma na iya jawo haka duk sanda ka rubuta harafin n, sai ka jona wani allon maɓallan ka gwada.