An Yi Wa Gidana Jan Fenti Saboda Yana Bakin Kogi: Ina Mafita?

Tambaya: Barista, na sayi fili a Kaduna, ba nisa da kogi, a hannun wani dillali. Ina da takardar ciniki mai sa hannun shaidu da na mai unguwa. Na gina ɗaki uku, muna ciki da iyali. Kwanan nan jami'ai suka zo suka shafa wa katangata jan fenti, suka ce gidan yana kan hanyar ruwa. Za su iya rushe mini gida? In sun rushe, akwai diyya?

Amsa: Malam, Allah Ya kawo sauƙi. Ba ka ambaci takardu biyu ba, kuma a kansu shari'arka ta rataya: takardar shaidar mallaka ta gwamna, wadda ake kira C of O, da takardar izinin gini.

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, a sashenta na 1, ta damƙa duk ƙasar jiha a hannun gwamna, yana riƙe da ita amana. Abin da ni da kai muke samu haƙƙin zama ne da amfani. Sashe na 22 kuma ya ce ba a sayar da irin wannan haƙƙi sai da amincewar gwamna. Saboda haka takardar mai unguwa shaida ce cewa ka biya kuɗi, tana da amfani tsakaninka da wanda ya sayar maka, amma ba ta ɗaure gwamnati.

Taswirar ambaliya ita kaɗai ba ta ƙwace fili. Hukumar NIHSA, ta gwamnatin tarayya mai sa ido kan ruwan koguna, tana fitar da hasashen ambaliya duk shekara, ta lissafa ƙananan hukumomin da ke cikin haɗari. Wannan gargaɗi ne, ba hukunci ba. Abin da yake cizo shi ne tsarin birni na jiha, wanda ya ware inda za a yi gini da tazarar da za a bari daga bakin kogi ko magudana. Tun 2003 Kotun Ƙoli ta yanke cewa tsara birane hurumin jihohi ne, shi ya sa tazarar Kaduna ba lallai ta zama irin ta Kano ba. Ga kuma wani abu da masu saye ba sa lura da shi: Kogin Kaduna yana cikin jerin hanyoyin ruwan tarayya, kuma dokar 1997 ta hukumar NIWA, mai kula da waɗannan hanyoyin ruwa, ta ba ta iko a kan mita 100 daga gaɓa. Bayan ambaliyar 2022, wadda ta ci rayuka sama da 600 a faɗin Najeriya, da fashewar madatsar Alau kusa da Maiduguri a 2024, wasu jihohi sun daina kau da kai daga irin waɗannan gine-gine.

Rusau iri biyu ne, kuma dole ka san wanne ke gabanka.

Idan kana da C of O da izinin gini, gwamnati ba ta da hanyar taɓa ka sai ta soke haƙƙinka a ƙarƙashin sashe na 28, don maslahar jama'a. Dole a kawo maka sanarwa a rubuce, daga jami'in da gwamna ya ba wannan iko. Fenti a katanga ba sanarwar sokewa ba ce, kuma kotuna sun sha watsi da sokewar da aka yi ba tare da an isar da takarda ga mai fili ba. Sashe na 29 ya ba ka diyya, sai dai ta abin da ka aza a kan filin ce: gini, katanga, rijiya, itatuwa. Ba a biyan darajar ƙasar kanta, kuma a nan mutane suke shan mamaki. Sashe na 33 ya ba da damar a sauya maka matsuguni maimakon kuɗi. In ƙimar da aka yi ba ta gamsar da kai ba, sashe na 30 ya ce a kai maganar gaban kwamitin rabon filaye na jiha.

Idan kuwa ba ka da izinin gini, za a ɗauki gidan a matsayin ginin da ya saɓa ƙa'ida, kuma galibi babu diyya. Ko a nan ma kana da haƙƙin a sanar da kai laifin a rubuce, a ba ka wa'adi, a saurare ka.

Kada ka goge fentin, kada ka ƙara ko bulo ɗaya. Ɗauki hoton gidan ciki da waje, ka tattara rasit na siminti da kwano. Ka je KADGIS, hukumar rajistar filaye ta Jihar Kaduna, a bincika maka matsayin filin, ka kuma rubuta wa KASUPDA, hukumar tsara birane ta jihar, kana neman a faɗa maka tazarar da ake nufi da dokar da aka dogara da ita. Ka tabbata an buga hatimin karɓa a kwafinka. Sannan ka samo safiyo mai rajista ya auna nisan katangarka daga gaɓa. Wani lokaci bayan gida da katanga ne kawai suka shiga tazarar, sai a rage su, a daidaita takardun sauran. In awon ya nuna kana waje da tazarar, lauyanka zai iya neman Babbar Kotun Jiha ta dakatar da rusau kafin a gama sauraro. A yi wannan da hanzari, domin ƙarar hukuma tana da wa'adi, wasu ma sai an ba su sanarwa kafin a shigar.

Dillalin ma bai tsira ba. Idan ya san wurin hanyar ruwa ce ya ce maka babu matsala, kana iya neman a warware cinikin a maido maka kuɗinka. A fikihun Malikiyya ma ɓoye aibi yana ba mai saye damar mayar da kaya, kuma wannan hujja tana tasiri a zaman sulhu gaban dattawan unguwa.

In kuma awon ya nuna gidan yana tsakiyar hanyar ruwa, shawarata kada ka zuba kuɗinka a shari'ar hana rusau. Ku haɗu da maƙwabtan da aka yi wa fenti, ku rubuta takarda ɗaya kuna neman ƙarin wa'adi da filin musanya, kai kuma ka bi dillalin ta kotu.