Maigidana yana farkawa da ihu tun da ya baro Libiya

Wata 'yar'uwa ta rubuto daga Hamburg ta Jamus. Mijinta ya bi ta Agadas ya shiga Libiya, aka tsare shi wata biyar a wani gida a Sabha, ana dukansa ana buga wa danginsa waya su ji kukansa, sai da mahaifinsa ya sayar da gona aka fanshe shi. Yanzu yana da takardun zama, yana aiki a rumbun kaya, ita ma ta iso shi da yara biyu. Amma cikin dare yakan zabura da ihu, jiƙe da gumi. In yaro ya bugo ƙofa da ƙarfi sai ya hau faɗa. Surukarta ta ce aljanu ne, a aiko kuɗin ruƙiyya. Shi kuwa ya ƙi zuwa asibiti, wai za a rubuta shi mahaukaci a ƙwace masa takardu.

'Yar'uwa, Allah ya ba ku lafiya. Maigidanki bai haukace ba. Wanda ya yi watanni yana jiran a buɗe ƙofa a dake shi, jikinsa kan ci gaba da tsaro ko bayan hatsarin ya wuce. Ƙarar ƙofar da ke wurinki wasan yaro ce, shi Sabha take mayar da shi. Likitoci sun san wannan ciwo, kuma yana jin magani.

Bari in fara da takardu, tunda nan tsoronsa yake. A Jamus doka ta ɗaure likita da mai ba da magani ta hanyar tattaunawa su riƙe sirrin majinyaci, tona shi laifi ne da ake hukuntawa. Ba sa kai rahoto ofishin baƙi, ba sa gaya wa wurin aiki. Ko hutun rashin lafiya aka rubuta masa, abin da ke isa ga shugabansa kwanaki ne kawai, babu sunan cuta. Sirri ba ya buɗewa ba da izininsa ba sai a 'yan yanayi kaɗan da doka ta ware, kamar idan rai na cikin hatsari.

Tunda yana da katin inshorar lafiya, ya kira 116117, layin neman ganin likita, su samar masa ganawar farko da mai ba da magani ta hanyar tattaunawa cikin mako huɗu. Gurbin jinyar kanta kan ɗauki watanni, kada hakan ya karya muku gwiwa. Akwai zaman gwaji biyu zuwa huɗu, in hankalinsa bai kwanta da mutumin ba yana da damar canzawa. Ku kuma tambayi cibiyoyin da suka ƙware a kan waɗanda aka azabtar, irin su Zentrum Überleben a Berlin ko Refugio a Munich, ko makamanciyarsu a garinku.

Abin da nake so ki isar masa shi ne, wannan zama ba irin na jami'in neman mafaka ba ne, inda ake tatsar mutum da tambaya ana neman inda ya yi tuntuɓe. Ƙwararren da ya san aikinsa ba ya cewa "ba ni labari daga farko". Barci yake fara nema masa, da yadda zai dawo hayyacinsa idan abin ya taso, kuma tare suke yanke abin da za a taɓa da wanda za a bari. In ya ce a tsaya, an tsaya. Akwai wata hanya da aka samar a Jami'ar Konstanz: a shimfiɗa igiya a ƙasa a matsayin rayuwar mutum, ya ajiye dutse a kowane wurin wahala, fure a kowane wurin farin ciki. Mutum ya ga Libiya duwatsu ne a tsakiyar igiya, ga furanni kafin su, ga sauran igiya a naɗe ba a warware ba.

Kada ku sa yaro ya yi tafinta. In kuma maigidanki yana tsoron tafinta Bahaushe ɗan gari ya ji sirrinsa, ya nemi mai jin Turanci ko Faransanci.

Ke ma kina ɗauke da kaya. Inshora ba ta cika biyan zaman ma'aurata ba, amma Caritas da Diakonie, ƙungiyoyin agaji na coci, suna da ofisoshin shawarar aure da iyali, galibi kyauta, kuma Musulmi na zuwa. Yara su ji daga bakinku cewa Baba yana fama da mugun mafarki, ba laifinsu ba ne. Idan faɗan ya kai ga duka, wannan wani batu ne dabam: kira 116 016, layin taimakon matan da ake cin zarafinsu, dare ko rana.

Surukarki kuwa, kada ki yi jayayya da ita. Addu'a ba ta hana asibiti, Annabi (SAW) ya ce Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar da maganinta. Ina kyautata zaton gonar nan da aka sayar tana cinsa fiye da yadda yake nunawa, to a rage masa kiran neman kuɗi na ɗan lokaci.

In ya zabura cikin dare, kada ki rungume shi ta baya. Kunna fitila, kira sunansa a hankali, ki faɗa masa garin da kuke da shekarar da ake ciki, ki miƙa masa ruwan sanyi. Maganar asibiti ki bar ta sai da rana, bayan ya ci abinci, ki ce kina so ku je tare.