Kaguwarka ba ta mutu ba, saɓa ta yi

Malam, ɓawon da ka tsinta babu nama a ciki, kake tambaya ko kaguwar da ka kamo a kogin Kubanni na Zariya ta mutu, saɓa ce irin ta maciji. Duba ƙarƙashin dutse, tana nan lafe, jikinta laushi tuɓus.

Kafin saɓa takan daina cin abinci, ta ɓuya, launinta ya dusashe. Jiki na janye sinadarin kalsiyam, wanda ke sa ɓawo tauri, daga tsohon ɓawo, sai ta sha ruwa ta kumbura, ɓawon ya tsage ta baya, ta sulale. Jatan lande ma haka yake yi.

Kada ka zubar da ɓawon, takan cinye shi. Ka raba ta da sauran na 'yan kwanaki har ta yi tauri, don 'yan'uwanta ba sa tausayin mai laushi.