Tambaya da Amsa: Shin tafasa miya tana kashe gubar dalmar da ke cikin kayan yaji?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Ni mai jego ce, yau sati uku da haihuwa, kuma ina da yaro ɗan shekara biyu da rabi. An turo mana saƙon murya a WhatsApp cewa wai ana zuba gubar dalma a kurkum da kori da garin barkono, kuma tana lalata ƙwaƙwalwar yara. Tun ranar hankalina bai kwanta ba, domin kullum sai na ci yajin jego, yaron nan kuwa ko tuwo ba ya ci sai an barbaɗa masa yaji. Surukata ta ce in daina wahalar da kaina, duk abin da ya hau wuta ya tafasa gubarsa ta mutu. Wani mai magani kuma ya ce in sayi maganin wankin jini na kwana bakwai mu sha, ni da yaron. Don Allah mene ne gaskiya? Me zan ci? Kuma in ci gaba da shayarwa? Daga wata uwa a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Barka da sauka lafiya, Allah ya raya mana.

Saƙon da aka turo muku akwai gaskiya a cikinsa, sai dai an cakuɗa ta da tsoratarwa. Ba kowane yaji ke ɗauke da dalma ba. Amma an sha kama ta a cikinsa, wani lokacin ma da gangan aka zuba. A ƙasar Bangaladash masu gyaran saiwar kurkum sun daɗe suna goga mata wani launin ruwan ɗorawa irin na masu fenti, haɗin dalma da kuromiyam, don ta yi sheƙi a idon mai saye. Masana daga Jami'ar Stanford ta Amurka da abokan aikinsu na birnin Dhaka sun ga dalma ta yi yawa a jinin mata masu ciki a karkara, suka bi sawu har ya kai su ga kurkum, suka bayyana sakamakon a 2019. A nan gida kuma akwai hanyoyin da ba sa buƙatar mugun nufin kowa: barkono da tattasai da ake shanyawa a kan kwalta a bakin titi, injin niƙan da ba a san abin da ya niƙa jiya ba, da ƙasar da aka yi noma a kanta.

Maganar Mama surukarki ita ce ta fi damuna, domin ba ranar da ba na jin ta, daga tsofaffi da matasa, har da masu digiri. Ina faɗa da girmamawa, kuma na san inda suka samo ta. Sun ga ruwan rijiya da aka tafasa ya daina sa gudawa. Sun ga rogo mai ɗaci, in an jiƙa shi an shanya an dafa, ya zama abinci. Duk gaskiya ne. Ƙwayar cuta abu ne mai rai, zafi yana kashe ta. Gubar rogo kuma tana bin ruwa da iska ta fita. Dalma kuwa ƙarfe ce. Ba ta da ran da za a kashe, ba ta ruɓewa, ba ta bin tururi. Ruwa yana tafasa a ma'aunin zafi 100, dalma ba ta ko narkewa sai an kai 327, kuma in ta narke ɗin tana nan a dalmarta, shi ya sa masu fasa tsohon batirin mota suke narka ta su sake zuba ta su sayar. Ko wuni kika yi kina tafasa wake da tsakuwa a ciki, da tsakuwarki za ki sauke tukunya.

Abin ma ya wuce haka. In miya ta daɗe a kan wuta ruwa ne yake ƙonewa, dalmar da ta shiga tana nan yadda take, sai dai yanzu a cikin miya 'yar kaɗan mai kauri, kowane cokali ya ƙara ɗauka. In kuma akwai tsami a girkin, tumatir ko tsamiya ko yakuwa ko lemun tsami, zafi da tsamin suna taimaka mata ta narke cikin romo, ta fi sauƙin shiga jini. Tafasar da ake taƙama da ita ke nan. Sannan ki duba yajin da kike magana a kai: ai ba ya ma ganin wuta, barbaɗa shi ake yi.

Mu da muke Arewa bai kamata a tsaya yi mana dogon bayani a kan wannan ba. A 2010, a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, irin su Dareta da 'Yargalma da Abare, yara fiye da 400 suka rasu. Maza suna haƙo dutsen zinariya mai haɗe da dalma su kawo gida, a farfasa shi a tsakar gida, a daka a turmi, a kai shi irin injin da ake niƙa dawa da gero. Ƙurar ta sauka a kan shanya, a kan ƙwarya, a kan hannun yaro mai rarrafe. Da yara suka fara amai da jijjiga aka ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau, sai da likitocin ƙungiyar agaji ta ƙasa da ƙasa mai suna MSF suka lura ƙananan kaburbura sun yi yawa. Binciken da aka yi daga baya ya nuna abinci yana cikin hanyoyin da gubar ta bi, kuma akasari bayan girbi ta shiga, wajen sussuka da shanya da niƙa. Tuwon da yaran nan suka ci dafaffe ne. An talga shi, an tuƙa, ya turara. Iyayensu mata ba su yi sakaci da wuta ba. A 2015 aka sake ganin irinta a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, yara 28 suka tafi.

Kada kuma a ce wannan matsalar ƙauye ce. A ƙarshen 2023 a Amurka aka janye wani abincin yara na dafaffen tuffa mai kirfa, wanda aka sarrafa a masana'anta a ƙasar Ekwado aka rufe a leda mai kyau da tambari. Kirfar ce ke ɗauke da wancan launi mai dalma, kuma an lissafa mutum fiye da 500 da abin ya shafa, yawancinsu ƙananan yara. Ta hanyar gwajin jini na yau da kullum aka fara gano shi a jihar North Carolina, domin yaran suna ta wasansu, ba a ga komai a jikinsu ba.

Wannan shirun na dalma shi ne yake raya maganar tafasa. Mutum ya ce mini, "Likita, shekara arba'in muna ci, ga mu garau." Dalma 'yar kaɗan ba ta kayar da mutum nan take. Tana taruwa ne a ƙashi da haƙori ta zauna shekaru, a lokacin ciki da shayarwa kuma, da jiki ya nemi sinadarin ƙashi, sai ta biyo shi ta dawo jini. Hanjin ƙaramin yaro yana tsotsar ninki 4 zuwa 5 na abin da na babba yake tsotsa. Alamunta ba su bambanta da na sauran cututtuka ba: ƙarancin jini, ciwon ciki, taurin bayan gida, rashin son abinci, yawan fushi, jinkirin magana, sai daga baya a makaranta a ce yaro ba ya ganewa, a yi ta dukansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da aka san ba ya cutarwa. Rahoton UNICEF na 2020 ya ƙiyasta cewa yaro ɗaya cikin uku a duniya, wajen miliyan 800, yana da maikrogiram 5 ko fiye a kowace desilita ta jini. Ina wanda ya auna garau ɗin da ake faɗa?

Shi kuwa mai maganin wankin jini, ki bar masa kayansa. Mutumin da bai auna jinin yaronki ba, bai san ko akwai dalmar ba, bai san yawanta ba, da me ya yanke kwana bakwai? Abin da suke ƙullawa yawanci mai sa gudawa ne, sai a ce maka ga dattin yana fita. Dalmar tana cikin jini da ƙashi, gudawa ba ta isa can, ɗan shekara biyu kuwa gudawar kwana bakwai tana iya halaka shi. Wasu garukan maganin ma an auna su an sami dalma a cikinsu. Madara da manja da gawayi duk ba sa fitar da ita. Akwai maganin gaskiya da ke kama dalma ya fitar da ita ta fitsari, shi aka ba yaran Zamfara, amma likita ne yake bayarwa bayan gwaji, galibi in ta kai maikrogiram 45, yana kuma bibiyar hanta da ƙoda. Ko shi ɗin ba ya amfani in yaro zai koma ya ci gaba da cin abin da ya sa masa ita.

To me za ki yi a ɗakin girki? Ki rage sayen gari, ki koma sayen ɗanyen kaya. Citta da kanumfari da masoro da kimba da busasshen barkono, ki saye su a ƙwayarsu, ki tsince, ki wanke, domin ƙurar da ke bayansu tana fita da ruwa, abin da garin da aka riga aka niƙa ba zai ba ki dama ba. Ki shanya a faranti ko tabarma mai tsabta a kan wani abu mai tudu, nesa da titi, ki daka a turminki. Allah ya hore mana citta mai kyau daga kudancin Kaduna, ba mu da dalilin dogara da garin da ba mu san asalinsa ba. Kurkum yana buƙatar ƙarin lura, tunda a jikin saiwar ake shafa launin: ki nemi ɗanye, ko busasshe mai fatarsa mai duhu-duhu da tamoji. Wanda ya yi sumul yana ƙyalli, yana bar miki hoda mai haske a tafin hannu, ki wuce shi. Garin barkonon da jansa ya wuce misali shi ma haka. In dole sai an kai inji, a kai wanda abinci kaɗai yake niƙawa, musamman a garuruwan da ake haƙar ma'adinai. Yaronki kuma a rage masa barbaɗen nan, ba abin da zai rasa.

Ciki mai yunwa da jiki mai ƙarancin jini sun fi tsotsar dalma. Saboda haka kada yaro ya wuni ba karin kumallo, ki kuma riƙa ba shi wake, ƙwai, hanta, zogale, alayyahu, miyar kuka, kindirmo, ƙananan kifi da ƙashinsu, da lemu ko gwaiba. Wannan kariya ce da ke rage abin da zai shiga. Shinkafa tana da nata ƙarfen, asenik, wanda take tsotsa daga ruwan fadama fiye da sauran hatsi. In kin dafa ta da ruwa mai yawa kin tsiyaye kin zubar, kusan rabinsa yana tafiya, kuma zubar da ruwan ne ya yi aikin. Ki riƙa sauya ta da gero da dawa da acca da masara. Ganyen da aka yi wa ban-ruwa da ruwan kwata ko na masana'antu, irin wanda masana suka sha aunawa a gefen kogin Jakara a Kano suna samun ƙarafa, a kauce masa in da hali.

Abu biyu da ba ki tambaya ba, amma sun fi ba ni tsoro a gidan mai jego fiye da yajin. Na farko kwalli. Kwallin dutse mai ƙyalli, wanda ake niƙawa a sa wa jariri a ido, dutsen dalma ne. A birnin Boston an taɓa auna wanda aka kai daga Najeriya ana sa wa wani jariri, aka sami fiye da kashi 80 cikin 100 dalma ce, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta fitar da rahoton a 2012. Jariri yana murza ido ya kai hannu baki. Ki roƙi Mama da lallami a bar idon nan haka. Na biyu tukunyar ƙirar gida da ake narka tsofaffin ƙarafan mota da na inji a zuba. An auna irinsu a Kamaru an ga suna sakin dalma cikin abinci, musamman mai tsami. Kada a dafa zoɓo ko kunun tsamiya a cikinta, kada kuma miya ta kwana a ciki.

Raina yana ɓaci in na ga an bar uwa mai ɗanyen jego da wannan nauyi ita kaɗai. Aikin hukuma ne. A Bangaladash da hukumar abinci ta tashi tsaye, ta manna sanarwa a kasuwanni, ta shiga da 'yar na'urar hannu mai gano dalma nan take, ta ci tarar masu laifi, kurkum mai dalma a kasuwa ya faɗo daga kashi 47 cikin 100 a 2019 zuwa sifili a 2021. Mu kuwa Bagega, ɗaya daga cikin ƙauyukan Zamfara da gubar ta shafa, sai 2013 aka fara kwashe mata gurɓatacciyar ƙasa, yara suna jira. Lambar NAFDAC a jikin kwali ta fi babu, ki riƙa dubawa, sai dai ba ta nufin an auna kowane buhu, yajin da ake aunawa da gwangwani a kasuwa kuwa ba shi da lamba ko ɗaya. 'Yan kasuwa masu ƙara launi don kaya su yi nauyi ko kyau, ku ji tsoron Allah, ƙwaƙwalwar 'ya'yan mutane kuke sayarwa.

Game da shayarwa, ki ci gaba. Abin da ke bi ta nono kaɗan ne, kuma ƙa'idar likitoci ita ce ba a dakatar da uwa sai in gwaji ya nuna dalmar jininta ta kai maikrogiram 40, abin da ba kasafai ake gani ba sai ga masu zama kusa da wurin haƙar ma'adinai ko fasa batir. In maigida yana irin wannan sana'a, ko walda, ko fenti, ya riƙa sauya kaya ya yi wanka kafin ya ɗauki yara. Ranar da za ki kai jaririn rigakafin sati shida, ki tafi da babban, ki gaya wa likitan yara kina son a duba masa ƙarancin jini, a kuma nuna miki inda ake gwajin dalma a jini. Ki ƙulla ɗan yajin da kuke ci da kwallin gidan ki tafi da su.